Yaren da Aka Hana Zulai

Duk wanda ya tashi a Gummi ya san Zulai 'yar Malama Turai, ko bai san sunan ba ya san fuskar. Gajera ce, fara, mai ƙananan idanu da gashi mai santsi wanda kitso ba ya daɗewa a kansa. Tun muna firamare yara ke tsokanarta da 'yar Caina, ni kuwa ina bin su da duka, don ita ba ta iya faɗa ba. Har yau ba ta iya ba. Ni Atine, da katangar gidanmu ke jingine da tasu, ni na gaji faɗanta gaba ɗaya, kuma wannan da zan ba ku shi ne wanda ya fi ci mini rai.

Mahaifiyarta ba 'yar Caina ba ce. Daga ƙasar Filifin ta zo, a zamanin da ake ɗauko malamai daga can su koyar da lissafi da kimiyya a makarantun Arewa. Sunanta na yanka Erlinda. Bakin mutanenmu ya kasa, suka ce Turai, sunan ya zauna daram. Da wa'adin aikinsu ya cika, 'yan ƙasarsu suka tattara suka koma, ita ta tsaya saboda Malam Yakubu malamin gona, wani dogo mai yawan dariya wanda ya fara da kai mata tumatir ya ƙare da kai sadaki. Ta musulunta, ta shiga babban gida mai sassa da yawa, ta koyi tuƙin tuwo, ta koyi Hausa irin tamu har ta fi wasu 'yan gari iya zagi da ita. Ita ta koya mini lissafi a sakandare. In yau ina auna yadi a shagona ba a cuce ni ba, hannunta ne.

Babban gidan kuwa yana hannun Baffa Mainasara, yayan Malam Yakubu. Mutum ne wanda in ya ce rana ta faɗi, to a kunna fitila ko da tsakar azahar ne.

Abin ya faro ne ranar wani suna, Zulai tana 'yar shekara huɗu. Innata tana wurin, ita ta ba ni labari, kuma ba sau ɗaya ba. Maza sun cika zaure ana rabon goro, sai yarinya ta sulale ta je gaban Baffa, ta kama hannunsa na dama, ta sunkuya ta ɗora bayan hannun a goshinta, ta faɗi wata 'yar magana da yaren uwarta. Haka ake gaida manya a ƙasarsu. Ladabi ne tsantsa uwar ta koya mata. Baffa ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Mine ne wanga? Sujada ga mutum? Wa yak koya maki?"

Aka kira Malam Yakubu, aka kira matarsa ta durƙusa a bakin zaure. A gaban baƙi Baffa ya yanke hukunci.

"Daga yau kar in ƙara jin yaren nan cikin gidanga. Ɗiyanmu na, ba ɗiyan coci ba. Wadda tam musulunta ta musulunta da bakinta duka."

Malam Yakubu, Allah Ya jiƙansa, bai iya musu da yayansa ba. Ya sunkuyar da kai, da suka koma ɗaki ya ba matarsa haƙuri. Ita kuwa ta yi biyayya irin wadda har yau in na tuna sai in ji kamar in fasa wani abu. Ta rufe bakinta ruf. Ba ta da wanda za ta yi yaren da shi a duk faɗin ƙasar Gummi in ba wannan 'yar ba, aka kuma raba su da magana ɗaya, don wani ya ji kunya a gaban abokansa. Larabci ba yarenmu ba ne muna koyonsa, Turanci ba namu ba ne muna tura yara su koya, Fulatanci kuwa kullum yana shigowa gidan tare da masu nono. Yaren baiwar Allah nan kaɗai ne ya zama kafirci.

Zulai ta girma da Hausa da Turanci. Abin da ya rage mata na uwarta kalma ɗaya ce, anak, wato ɗana ko 'yata. Ita ma sai in zazzaɓi ya kwantar da ita, uwar ta dafa mata goshi ta faɗe ta ƙasa-ƙasa, tana waiwayen ƙofa. Ta yi karatu, ta zama malamar firamare, ta auri Sahabi mai sayar da hatsi, ta haifi 'ya'ya huɗu. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ko 'yan aji ɗaya da ke hawa kanta. Malam Yakubu ya rasu, Malama Turai ta yi ritaya ta zauna a sashenta na bayan rijiya, tana shuka citta a fasassun tukwane, tana jan carbi. An ce mata ta koma ƙasarsu ta ce wa za ta tarar. Shekaru arba'in da 'yan kai ba wanda ya ƙara jin yaren nan a bakinta.

A farkon daminar 2021 ta faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Da ta farfaɗo a asibiti ta buɗe baki, sai ga wata magana da ba Hausa ba, ba Turanci ba. Likita ya faɗa mana a fili, ina tsaye. Ya ce irin wannan ciwon yakan share harsunan da mutum ya koya da girma, ya bar masa wanda ya sha a nono. Ya ce a yi haƙuri da ita, a ba ta abinci mai laushi, a nemi wanda ke jin yarenta.

Baffa Mainasara, wanda yanzu ya tsufa har sai da sanda amma bakin yana nan yadda yake, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce likita yaro ne.

"Matar da tay yi shekara arba'in tana salla cikinmu, yau a ce ta manta Hausa? Aljanin ƙasarsu na yab biyo ta, yana son ya maishe ta inda taf fito kahin ta cika. Ba mu bari."

Aka dawo da ita gida, aka kira wani mai ruƙiyya, Malam Badaru. Ni musulma ce, kuma ba wanda zai koya mini girman Alƙur'ani. Amma abin da aka yi a ɗakin nan ba addini ba ne, jahilci ne ya sa rawani. A rufe taga, a rufe ƙofa, a kunna kasko a zuba tazargade da wasu ƙulle-ƙulle, hayaƙi ya turnuƙe, tsohuwa mai rabin jiki tana tari har idanunta su yi ja. Malam Badaru ya durƙusa a kanta yana daka tsawa, "Fita! Wane ne kai? Fita!" Tana ba shi amsa da yarenta, tana hawaye, shi kuwa ya juyo ya ce mana kun ji ko, yana gardama. In ya tafi, jikokin gidan su karɓa, kowa ya ɗauko wayarsa ya ƙure murya ya manna mata karatu a kunne. Har ta kai in ta hango waya a hannun mutum sai ta runtse ido ta juya fuska bango, ta yi tsit. Duk wannan kuwa carbinta na hannun hagu, lokacin salla na yi tana nuni a juya ta gabas. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wane irin aljani ne wannan mai kiyaye lokutan salla.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abinci. Tuwo ba ya wucewa. Fura tana sarƙe ta, kunun tsamiya ta kau da kai. A kawo kwano, ta duba, ta yi magana mai tsawo, a ɗauke kwano a ce aljanin ne ya hana. Mace mai jiki ta koma kamar tsinken tsintsiya a kan katifa.

Zulai ce ke kwana da ita, ita ke mata wanka. Wata safiya ta shigo shagona, ta zauna a kan benci ba sallama mai kyau.

"Atine, Inna ba aljani gare ta ba. Da ni take magana. Kowace magana tata da anak take ƙarewa. Wani abu take roƙo na, ni kuwa ban san ko mine ba."

Ta gwada sa waya ta fassara, uwar ta ga waya ta yi shiru. Ta gwada rubuta abin da kunnenta ya ji, wayar ta fito mata da shirme, don ba ta san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba. Sai ta shiga neman mutumin da ke jin yaren. Malama ce, ta san yadda ake bincike. A ƙarshe ta gano wata jami'a a Manila tana da aji na musamman ta intanet, ba na baƙi masu son koyon Filifino ba, na 'ya'yan 'yan ƙasar da aka haifa a waje, waɗanda suka tashi suna jin yaren sama-sama amma bakinsu bai ɗauka ba. Ta rubuta musu. Suka amsa cewa zango zai fara ƙarshen watan Agusta, suna maraba da ita, ba su taɓa samun ɗaliba daga Najeriya ba.

A shagona ta yi ajin farko, don nan sabis ya fi ƙarfi. Maraicensu tsakar ranarmu ce. Na rufe ƙofa ɗaya na zauna gefenta ina leƙen wayar. Fuskoki ne ƙanana a jere, wani daga Italiya, wata daga Kanada, biyu daga Saudiyya, wani saurayi daga Japan, duk da irin idanun Zulai. Ni dai na saki baki. Mace ta shekara arba'in ana ce mata 'yar Caina, ashe ga danginta cike da duniya.

Malamar sunanta Dalisay, dattijuwa mai furfura da tabarau. Da Turanci ta fara, Zulai na fassara mini. Ta ce ba za ta fara musu da baƙaƙe ba, ba kuma za ta ɗauke su kamar baƙi ba. Ta ce yaren yana cikin kunnuwansu tun suna goye, aikinta kawai ta sauko da shi zuwa baki. Ta ce a ajinta ba a dariyar kuskure, don yawancinsu dariyar dangi ce ta rufe musu baki tun farko. Sai ta ce kowa ya rufe ido ya faɗi duk kalmar da ta rage masa daga gida. Suka fara. Ci abinci. Zo nan. Kar ka taɓa. Yi barci. Duk maganar kicin ce da faɗan uwa, wasu na dariya wasu na share ido. Da aka zo kan Zulai ta buɗe baki ta ce anak, sai kuka ya ƙwace mata, ta kife wayar a kan atamfofina.

Na yi mata faɗa. Na ce ke da kika zo da tambaya kin ɓige da kuka. Ta ce kunya ta ji, ta yaya za ta gaya wa mutanen duniya cewa a gidansu ana yi wa uwarta hayaƙi don ta yi yarenta. Ta ce mako mai zuwa za ta tambaya, don malamar ta ce kowa ya zo da maganar da ake yi a gidansu.

Kafin mako ya zagayo aka yanke layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, saboda 'yan bindiga. Muka wayi gari waya ta zama fitila. Aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai, motoci suka yi ƙaranci. Masu hukunci sun ce don tsaronmu ne, to Allah Ya sa. Ni dai abin da na gani shi ne 'yan bindigar ba su fasa zuwa ba, mu ne muka kasa kiran juna. Wanda ke son sabis sai ya shiga mota ya bar jihar, hanyar kuwa kowa ya san abin da ke kanta.

Zulai ta ce za ta Sakkwato. Baffa ya aiko a gaya mata kada ta kuskura, wai za ta je ta ƙaro wa aljani ƙarfi. Mijinta Sahabi, Allah Ya saka masa, ya ce matarsa ce, ya yarda. Amma makon nan aka tare hanya aka kwashe mutane, direbobi suka ajiye mota. Mako na biye ma haka. Muna zaune muna kallon tsohuwa tana ƙarewa.

A cikin wannan jiran Zulai ta yi abin da ban taɓa ganin wani ya yi ba. Tunda waya ba ta shiga ɗakin, sai ta mai da kanta wayar. Ta zauna a gefen katifa, uwar ta faɗa, ita ta maimaita a ranta, ta fita bayan rijiya ta yi ta biyawa kamar mai hadda. Ba ta san ma'anar ko ɗaya ba. Har karkatar bakin uwar take kwaikwayo, don ba ta san wane sauti ne na yaren, wane ne na ciwon ba. Matan gidan suka fara raɗa cewa aljanin ya taɓa 'yar ma.

Da hanya ta ɗan lafa muka tafi, ni da ita, a wata mota da aka cusa mu kamar buhunan gero. Kowa na addu'a a ransa. Muna dab da Sakkwato wayoyin mutanen cikin motar suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, saƙonnin makonni suna shigowa. Muka sauka a tasha, muka sami benci a bayan rumfar wata mai abinci, lokacin aji ya yi.

Wannan karon ba ta jira a zo kanta ba. Ta ɗaga hannu, ta faɗi komai, ciwon, hayaƙin, yanke waya. Sannan ta rufe ido ta fara karanto haddarta. Ina kallon yaron nan na Italiya ya rufe bakinsa da hannu. Malama Dalisay ta cire tabarau ta ce ta sake, a hankali. Ta sake.

Malamar ta ce maganar mahaifiyarki lafiyayya ce, ba shirme ko ɗaya a ciki. Ta farko, tana cewa yunwa take ji. Ta biyu, hayaƙin yana shaƙe ta, a buɗe taga don Allah. Ta uku, wadda ta fi maimaitawa, tana roƙon ki dafa mata lugaw.

Zulai ta ce mene ne shi. Kafin malamar ta amsa, ajin ya ɓarke. Waɗannan da ba su iya haɗa jimla ɗaya ba, duk sun san shi. Shinkafa ce ake dafawa da ruwa mai yawa har ta narke ta zama kamar kunu, a sa ɗanyar citta da tafarnuwa da ɗan gishiri. Abincin marar lafiya ne, kowace uwa a can da shi take jinya. Ta Kanada ta ce uwarta tana sa romon kaza. Na Japan ya ce a'a, kakarsa ba ta sa komai sai citta. Suka kusa yin faɗa a kai. Malamar ta ajiye darasin da ta shirya, ta ce yau wannan za a yi. Ta koya musu sunan shinkafa, da ruwa, da citta, da zafi, da sannu-sannu, da yadda ɗa ke ce wa uwarsa ta ci abinci cikin ladabi. Ta sa kowa ya faɗa wa Zulai, ta sa Zulai ta yi ta faɗa har bakinta ya saba.

Ni kuwa a kan bencin nan sai na rafka salati. Shinkafa! A Gummi! Garin da fadama ta kewaye, gidan da buhunan shinkafa ke jingine a ɗakin da ke kallon nata. Cittar ma ita ta shuka da hannunta, tana nan a tukwane a ƙofar ɗakin. Wata da watanni baiwar Allah tana roƙon abin da ke taku kaɗan da katifarta, ana amsa mata da tsawa. Na tashi na zagaya bayan rumfa na yi zagin da ban taɓa yi ba, mai abinci ta leƙo ta ga ko lafiya.

Washegari da hantsi muka isa gida. Ban ko cire mayafi ba na shiga ɗakin, na ɗauki kaskon hayaƙin na wurga shi tsakar gida ya tarwatse, na ɓalle tagogi. Wata surukar gidan ta ce za ta gaya wa Baffa, na ce ta haɗa da gaisuwata. Zulai ta hura wuta. Ta tono citta, ta wanke shinkafa, ta zauna tana juyawa har ta narke. Ta zuba a ƙaramin kwano, ta shiga, ta durƙusa a gefen katifa.

"Kain na po, Nanay."

Ki ci abinci, Inna, shi ke nan abin da ta ce. Malama Turai ta juyo da kai daga bango. Ta dubi 'yarta, ta dubi kwanon, ƙamshin citta ya kai mata. Ban iya kwatanta fuskar nan ba, kuma ba zan gwada ba. Ta buɗe baki. Cokali ya shiga, ya wuce, ba tari. Ta ci rabin kwano tana hawaye, Zulai na ce mata sannu-sannu da yarenta.

Da labari ya kai zaure, Baffa ya ce alhamdu lillahi, ruƙiyya ta fara aiki. Wallahi haka ya ce.

Daga nan kullum sai an dafa. Duk lokacin da hanya ta yi kyau Zulai ta je Sakkwato, ta shiga aji, ta kwaso darussan da malamar ke ajiye mata ta dawo ta saurara a gidanta. Ta koyi tambayar ina ke ciwo, kina jin sanyi, in kawo ruwa. Uwar ta fara ɗan murmushi da ɓarin bakin da ke motsi, har tana gyara mata furuci, malanta ba ta barin mutum. Amma jikin ya riga ya tafi. Yunwar watanni da hayaƙin da ya zauna a ƙirji ba abin da kunu zai gyara ba ne, yare kuma ba a koyonsa a 'yan makonni.

Wata Laraba bayan azahar ina ɗakin ina ninke kaya. Zulai ta gama ba ta abinci, sai ta kama hannun uwar na hagu, ta sunkuya ta ɗora bayansa a goshinta, kamar yadda ta yi wa Baffa tana 'yar shekara huɗu. A aji aka sake koya mata. Malama Turai ta riƙe wuyan hannunta gam, ta fara magana. Ba irin gajerun roƙon nan ba. Magana ce mai tsawo, a natse, wani wuri ta yi dariya, wani wuri ta yi kuka, wani wuri murya ta yi kauri. Ta ɗauka 'yarta ta iya. Abin da ta tara shekara arba'in take juyewa. Na yi wa Zulai nuni da wayata daga bakin ƙofa, ta girgiza kai. Ta san in uwar ta hango waya za ta juya bango, ba za ta ƙara cewa uffan ba. Haka ta zauna tana gyaɗa kai, tana cewa opo, wato na'am, hawaye na zuba, har aka kira la'asar.

Ranar Juma'a da safe ta cika. Zulai ta laƙƙana mata kalmar shahada, ta karɓa tiryan-tiryan.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Baffa ya aika a kira Zulai zaure. Na bi ta, ba wanda ya gayyace ni. Ta durƙusa nesa kaɗan. Ya juya sandarsa ya yi magana, kuma muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"An ce ta yi maki magana mai tsawo kahin ta cika. Mi tac ce? Ta bar wasiyya?"

"Ban sani ba, Baffa."

"Kamar ya ba ki sani ba? Ba ke aka zuwa Sakkwato koyon abin ba?"

"Na koyi na abinci da na ciwo. Nan munka tsaya." Ba ta ɗaga kai ba, ba ta ɗaga murya ba. "Na ji ta ce ruwa. Na ji uwa, na ji gida. Na ji sunana da na Baba. Na ji sunanku, Baffa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

Ya gyara zama. "To, mi tac ce a kaina? Ta ce ta yahe?"

"Abin da tac ce kahin sunan da abin da tac ce bayanshi, karatuna bai kai nan ba. Da an bar ni da shi tun ina ƙarama, da na gaya maku."

Ta tashi ta shige cikin gida. Shi ne faɗa ɗaya da Zulai ta taɓa yi a rayuwarta, ban kuma sa mata baki ba.

Har yau tana ajin. An dawo da waya, ta koma bencin shagona, ta wuce mataki na farko da na biyu, yanzu har hira take da Malama Dalisay suna dariya. In sabbin ɗalibai sun shigo, malamar takan sa ta ba su labarinta, don su je su yi magana da tsofaffinsu tun suna da rai. 'Ya'yanta huɗu duk suna gaishe ta da hannu a goshi, a tsakar gida, kowa na gani. Ta ce mini da yanzu ne da ta fahimci kusan komai. Ta yi ta ƙoƙarin tuno maganar ranar Larabar nan, amma ta yi tsawo, sau ɗaya kuma aka faɗe ta, ba ta zauna ba.

Baffa Mainasara yana nan da ransa, ido ya tafi, ba ya fita ko masallaci. Lokaci-lokaci yakan aika a kira ta, ya tambaye ta ko karatun ya kai, ko ta tuna wani abu. Takan durƙusa ta gaishe shi, ta ce ba ta tuna ba, kuma gaskiya take faɗa. Ni dai na roƙe ta, ko Allah Ya sa wata rana ta tuna, kada ta gaya masa.